Libarba da Ledar Fiya Wata: Yadda Ake Saita Bindigar Gasa

Lokacin da muke yara a birnin Katsina, in aka ce 'yan bindiga, mutanen Sarki ake nufi, masu tafiya gaban ayari ranar hawan Sallah suna ɗura albarushi a adaka, su saki ƙara a Ƙofar Soro har doki ya zabura, mu kuwa mu toshe kunnuwa muna ihu don daɗi. Yanzu faɗi wannan kalma a tashar motar Batsari ko ta Jibiya ka ga yadda fuskoki ke sauyawa. Shi ya sa na daɗe da wannan rubutu a raina ban yi shi ba.

Ɗan ƙanwata ne ya tayar da ni. A daminar 2024 ya shigo zaurena da waya a hannu, yana nuna mani hoton Baturken nan Yusuf Dikeç, mai shekara 51, tsaye da hannu ɗaya a aljihu da tabarau irin na karatu, wanda ya samo wa ƙasarsa azurfa a gasar Olamfik ta Paris. Ya ce, "Kawu, ashe harbi ma wasa ne? Kuma Inna ta ce kai ma ka taɓa yi?" Na ce mashi na yi. Cikin shekara 35 da na yi sanye da kakin ɗan sanda, sha ɗaya na yi su ina cikin ayarin harbi na rundunarmu, kuma da tsohuwar libarba na yi mafi yawansu. Abin da na zauna na faɗa mashi a maraice da dama shi ne na tattara a nan.

Takarda kafin ƙarfe

Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma libarba da fistil duk a nan suke, jere ɗaya da bindigogin yaƙi. Wanda aka kama da ita babu wannan izini, ɗaurin aƙalla shekara 10 ne ke gabansa. Gida na biyu ya ƙunshi bindigar farauta da bindigar iska, doguwa da gajera, lasisinsu kuwa a hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda yake. Na uku shi ne na adaka da 'yan uwanta da ake ɗura wa ta baki, wanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsa. Ba a ba yaron da bai kai 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali ko mai raunin gani ko mashayi. A 2023 ma Babban Sufeto ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka cire ko sisi ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji halin da ake ciki yau, ka kuma leƙa ofishin wasanni ka tambayi hanyar shiga ƙungiyar harbi.

Ke nan maganar libarba da zan yi ta mai kaki ce, ɗan sanda ko soja ko ɗan kwastan da aka sa cikin ayarin harbi aka ware mashi bindiga daga ma'ajiyar makamai, yana sa hannu ya karɓa yana sa hannu ya mayar. Farar hula irin ɗan ƙanwata, ƙofarsa ita ce fistil ta iska, ita ma da takarda. Duk wanda ya kira ka gefe a kasuwa ya ce yana da ƙarama ta sayarwa, ka yi mashi sallama ka ƙara sauri. Sa'ar da aka yi ita ce kusan duk abin da hannu ke koya a ɗaya yana aiki a ɗayar.

Ga yadda gasar da ake yi da libarba take a ƙa'idar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya mai mazauni a Jamus. Ana tsayawa mita 25 daga allo, a tsaye, da hannu ɗaya, ba jingina. Harbi 60 ne, maki 600. Talatin na farko na natsuwa ne: harsashi biyar cikin minti biyar, sau shida, kuma da'irar maki goma faɗinta santimita 5 ne kacal. Talatin na biyu na sauri ne: hannunka na ƙasa, allo ya juyo maka daƙiƙa 3, ka ɗaga ka harba ɗaya, ya kau da kai daƙiƙa 7, ya sake juyowa. Bindigar kada ta wuce giram 1,400, bututunta kada ya wuce milimita 153, kunamarta kuma kada ta saki da nauyin da bai kai giram 1,000 ba. Wannan gasa ba ta cikin Olamfik, amma sojoji da 'yan sandan duniya sun riƙe ta da kyau. Bindigar da na yi amfani da ita ƙirar Smith & Wesson ce ta Amurka, mai bututu inci shida, mai cin harsashin da ake kira .38 Special, irin wadda suka fara fitarwa da sunan K-38 daga baya ta koma Model 14. Faransawa na da tasu, Manurhin MR73, wadda sau ɗaya na taɓa riƙewa a hannun wani baƙo, na kuma daɗe ina tuna laushinta.

Ranar da aka ba ka ita

Buɗe silinda, wato gidan harsashin nan mai juyawa, ka leƙa ramukan shida da idonka ka tabbatar babu komai, ko da wanda ya miƙo maka ya rantse da Alƙur'ani. Bakinta na kallon bango ko tudun ƙasa, yatsa na wajen kunama. Wannan ba sau ɗaya ake yi ba, duk ɗauka ne, har ya zama kamar alwala kafin sallah.

Sannan ka rufe ta a hankali da tafin hannu. Kada ka wurga silinda ta rufe da karkaɗa hannu irin na 'yan fim, domin hannun ƙarfen da ke ɗauke da ita lanƙwashewa yake, kuma daga ranar ramuka sun daina fuskantar bututu daidai. Ja hama, wato ƙarfen baya mai saran gindin harsashi, baya da babban yatsa, sannu sannu, kana saurare. Ya kamata ka ji ƙyas na kulle silinda kafin hamar ta kai ƙarshe ta tsaya. Yi haka a ramuka shida duka. In akwai ramin da sai ka taimaka mashi da yatsa kafin ya kulle, bindigar ta koma wurin makanikin makamai, domin irinta ce ke aske gefen harsashi ta feso darma a fuskar na kusa da kai. Da hama a ɗane, tura ta gaba da babban yatsa ba da ƙarfi sosai ba. In ta faɗi ba ka taɓa kunama ba, wani ya riga ya yi mata ɓarna da magagari, mayar da ita nan take.

Akwai 'yar tazara tsakanin gaban silinda da gindin bututu. Aro filagejin da makanikan mota ke auna bawul da shi: wajen milimita 0.15 ake so, kaɗan sama ko ƙasa ba laifi. Ta wannan tsaga wuta da iska mai zafi ke fita a kowane harbi, don haka yatsa ba ya zuwa wurin har abada. Daga nan duba bakin bututu da kyau a rana. Ɗan taɓo ɗaya a leɓensa ya isa ya watsa maka harbi, ko da sauran jikinta na ƙyalli kamar sabuwa.

Mariƙi

A nan na fi ɓata lokaci, kuma a nan ne mai gasa ke da 'yancin taɓa bindigarsa da hannunsa. Mariƙin da kamfani ke sakawa an yi shi ne don hannun kowa, wanda ke nufin bai dace da na kowa ba. Nawa hannun dogo ne siriri, sai yatsana ya riƙa wuce kunama har gaɓa ta biyu, duk matsawa sai bakin bindiga ya karkata.

Gwajin farko: bindiga babu harsashi, riƙe ta, rufe ido, ɗaga hannu zuwa tsayin kafaɗa, buɗe ido. Ina tsinken gaba, wato ɗan ƙarfen saiti na bakin bututu, yake a cikin tsagar saiti ta baya? In ya tsaya tsakiya, kansa daidai da leɓen tsagar, ka gode wa Allah. In kullum yana hagu, ko yana nutsewa ƙasa, mariƙin ne ke tura hannunka, kuma duk harbin da za ka yi sai wuyan hannunka ya yi kokawa da shi. Yi gwajin sau goma, ka rubuta abin da ka gani.

Na cire mariƙin gwamnati na ajiye a ma'ajiya, na kai wa wani kafinta a unguwarmu ya sassaƙa mani wani da icen maɗaci, da gangan ya bar shi da kauri. Daga nan aikin ya zama nawa. Sai in shafa garin bula a tafin hannu, in riƙe kamar zan harba, in saki in duba. Inda shuɗin ya kama da yawa, nan ke danna ni, in goge da sanfefa kaɗan. Inda bai taɓa ba sam, rami ne, in cike da garin katako da aka kwaɓa da gam, in sa leda a hannu in riƙe kafin ya bushe don ya ɗauki siffar tafina. Abin da ake nema shi ne matsi ya zama gaba da baya kawai: yatsu biyu na tsakiya suna jawowa, tudun tafin hannu yana tarewa. Ƙaramin yatsa da babban yatsa 'yan rakiya ne. Yatsan harbi kuwa kada ya goga jikin katako ko kaɗan, a bar mashi hanya ya yi tafiyarsa shi kaɗai, kuma tsokar gaɓarsa ta farko ce ke zama kan kunama.

Wata uku na yi ina wannan, gyara ɗaya a mako, domin in ka taɓa wuri uku rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi amfani ba. Ka kuma tuna ƙa'ida ta hana mariƙi ya zagaye hannu ko ya tallafi wuyan hannu. Hannu na kumbura da zafin bazara ya sake tsukewa da hunturu, shi ya sa nake son mai faifan ƙasa da ake iya ɗagawa da saukewa.

Kunama, da wautar da na tafka

A gasa ana ɗana hama da yatsa kafin kowane harbi, don kunamar ta zama gajera. Kafin a fara, alƙalai na gwada nauyinta: a ɗana bindiga babu harsashi, a miƙar da bakinta sama, a rataya ƙarfe mai giram 1,000 a tsakiyar kunama, a ɗaga a hankali daga tebur. In ta ɗauke shi ba ta saki ba, ka wuce. Mu da ba mu da wannan ƙarfe a bariki, ruwan leda ya fisshe mu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ledar fiya wata mai santilita 50 kuwa rabin kilo. Leda biyu a cikin baƙar leda, da ƙugiyar da aka lanƙwasa daga wayar rataye kaya, ga ma'auninka. Sai dai ka duba rubutun jikinta, akwai masu yin ta 60, kuma ka ɗora a sikelin kanti mai lamba ka tabbatar. Fistil ta iska leda ɗaya ce, giram 500. Kada ka tsaya a bakin iyaka: bar rarar giram 50 zuwa 100 a libarba, 20 ko 30 a ta iska, domin ƙarfe na sauya hali tsakanin sanyin asuba da zafin azahar.

A shekarata ta biyu na ga kamar nauyin kunama ne ke hana ni wuce maki 540. A gaban mariƙi daga ƙasa akwai wani ɗan sukuru mai danne babban sifirin da ke tura hama. Wani abokin aiki ya raɗa mani cewa in na sassauta shi bindigar za ta yi laushi kamar man shanu. Na sa sukudireba na juya shi zagaye ɗaya da rabi. Ta yi laushin kuwa, mako biyu ina yabon kaina. Ranar gasa aka raba mana harsashi na wani kwali dabam, mai taurin cibiya, wato ɗan wurin da hama ke sara a gindin harsashi. Ana cikin zagayen sauri, allo ya juyo, na ɗaga, na matsa, sai na ji ƙyas. Hamar ta sari cibiyar harsashi amma ba ta da ƙarfin tayar da shi. Na tsaya da bakin bindiga na kallon allo, na ɗaga ɗaya hannun, alƙali ya zo ya duba ya ba ni uzuri. Ba a yi jeri biyu ba ta sake. Wannan karon babu uzuri, aka rubuta mani sifiri.

Mai horar da mu wani tsohon Sufeto ne mutumin Daura, ba ya ɗaga murya. Ya karɓi bindigar, ya cire mariƙi, ya dubi sukurun, ya dube ni. "Yaro, wa ya taɓa nan?" Na ce, "Ni ne, Yallaɓai." Ya ɗaure shi tam da hannunsa, ya ce gyaran gangar Abzinawa ke nan, ya miƙo mani, bai ƙara ko kalma ba har muka dawo gida. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Wannan sukuru ɗaure yake zama. Haƙoran da ke riƙe hama kuwa, inda ainihin daɗin kunama yake, ba wurin magagari ba ne, ba kuma aikin maƙeri ko mai walda ba. Taurin ƙarfen a fatarsa ta sama kawai yake, ka goge ta ka shiga nama mai laushi, bayan wata biyu bindiga ta fara tashi da kanta. In kana jin kunamar na ja da ƙasa kamar akwai yashi, ka kai wa makanikin makamai na rundunarku ka faɗa mashi abin da kake ji. Yawanci wanki da ɗigon mai ne maganin. Bayan na bar sukurun nan ya huta, da kunama mai nauyin giram 1,200 na kai 560.

Saiti

Ga ɗan lissafin da na so a ce an yi mani tun ranar farko. Tsakanin tsagar baya da tsinken gaba a bindigata kusan santimita 19 ne, allo kuma na mita 25, wato ninki 130 da 'yan kai. In tsinken ya kauce daga tsakiyar tsaga da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da santimita 13, ya faɗa da'irar maki biyar. Amma in tsinke da tsaga na daidai, hannunka duka ne ke lilo da santimita biyu, harsashin ma santimita biyu zai kauce, yana nan cikin goma. Ka ga ke nan rawar hannu ba ita ce abin tsoro ba. Ido ba ya iya kama abu na kusa da na nesa lokaci guda, don haka a ba tsinken gaba ido duka, a bar allo ya yi dishi-dishi. Sabon shiga ba ya yarda da wannan sai ya sha kunya. Wanda ya haura arba'in ya je wurin likitan ido da tsawon hannunsa a aune, ya ce gilashin da zai nuna mashi abu a wannan nisa yake so.

Ba na ɗora tsinke a tsakiyar baƙin allo, domin baƙi kan baƙi ba ya ganuwa. A ƙarƙashinsa nake tsayawa, in bar ɗan farin layi tsakani, in saita tsagar baya yadda harsashi zai hau ya faɗa tsakiya. Ƙa'idar juyawa ɗaya ce: tsagar baya na bin inda kake son harbi ya koma. Harbi ya taru a hagu, tura ta dama. Ya taru ƙasa, ɗaga ta. Bindigogin Jamus na da wata al'ada mai rikita baƙo, alamar da ke jikin sukurunsu na nufin inda harbin ya faɗa ne, ba inda za ya koma ba. Kada ka yarda da abin da wani ya ce maka game da nisan da ƙyas ɗaya na sukurun saiti ke kai harbi. Harba goma, juya ƙyas goma, harba goma, auna tsakanin tsakiyar tarin biyu da rula, raba gida goma, rubuta a bangon littafinka.

Kuma ba a taɓa saiti saboda harbi ɗaya. Sai goma ko sha biyar sun taru wuri guda tukuna. Rana na wasa da ido ita ma: ƙyallin gefen tsinke na sa tarin safe ya bambanta da na la'asar. Mukan kunna aci-balbal ko kyandir mu gifta tsinken a kan hayaƙin har ya yi baƙi ƙirin mara sheƙi, ba shakka bayan an tabbatar babu harsashi ko ɗaya kusa.

Harsashin gasa mai shafaffen kai ne, nauyin giren 148, wato wajen giram 9.6, a .38, yana huda takarda da'ira tsaf kamar na'urar huda fayil, ba ya kuma dukan hannu sosai. In ka samu kwalin da bindigarka ke so, ka rubuta lambarsa ka nemi irinsa. Tunda biyar ake ɗurawa ramuka kuma shida ne, sa wa kowane rami lamba, ka ɗora hannu kan buhun yashi ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi watsa harbi shi za ka riƙa bari fanko. Nawa na huɗu ne. In ka matsa ba ta tashi ba, bakinta na allo, ƙirga talatin kafin ka buɗe. In kuma ƙarar ta fito a raunane kamar tari, tsaya cak, wataƙila harsashi ya maƙale a bututu, na biyu a kansa fasa bindiga yake har da hannu. Abin toshe kunne da gilashi dole ne. Kunnena na dama shaida ne, sai an maimaita mani magana a masallaci.

Sauran aikin a jikinka yake

Tsaya da ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ɗaya hannun a aljihu ko a maƙale a bel don kada ya yi lilo. Hannun Dikeç a aljihu ba yanga ba ce, haka kowa ke yi. Rufe ido ka ɗaga, in ka buɗe ka ga kana gefen allo, ƙafar baya za ka matsar, kada ka murɗa kafaɗa. Ja numfashi kana ɗagawa, saki rabi kana saukowa kan saiti, fara matsa kunama tun kafin hannu ya natsu, ci gaba da ƙara matsi har ta tashi ba tare da ka zaɓi lokacin ba. In daƙiƙa takwas ta wuce ba ta tashi ba, cire yatsa, sauke hannu, sake daga farko. Sauke hannu ya fi komai wuya a wasan nan, domin zuciya na ce maka saura kaɗan.

Bayan ta tashi kada ka yi saurin leƙa allo. Riƙe saitin daƙiƙa biyu, ka faɗa wa kanka inda tsinken yake lokacin da ta tashi, da lissafin agogo: tara a ƙarfe bakwai, takwas a ƙarfe ɗaya. Sannan ka duba. Mai harbi da hannun dama da harbinsa ke taruwa ƙasa ta hagu fizgar kunama yake. Libarba na da hanyar tona asirin wannan da babu irinta: abokinka ya ɗura maka harsashi biyu da kwanso fanko uku ba ka gani ba. Duk sanda hama ta faɗa kan fanko za ka ga bakin bindiga ya yi sujada da kansa. Na ga manyan hafsoshi sun yi wannan sujada suna cewa iska ce.

Harbin fanko, da kwanso a ramuka don kare hama, ya fi harbin gaske gina hannu, kuma ba ya cin ko kwabo. Fuskanci farin bango babu allo, ɗora kwandala a kan bututu, matsa har hama ta faɗi kwandala ba ta faɗi ba. Minti ashirin kullum.

Ƙurar hunturunmu da mai in sun haɗu sanfefa suke zama, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗigo kaɗan ake sawa a goge. Da damina kuwa tsatsa ce abokiyar gaba, musamman inda gumin hannu ke taɓawa. Bayan kowane harbi a bi ramukan silinda da gindin bututu da buroshin tagulla, nan darma ke taruwa. In za ka zubar da kwanso, ɗaga bakinta sama, don kada ɓurɓushin albarushi ya shiga ƙarƙashin tauraron da ke turo su ya hana silinda rufuwa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai shi kwanon tuwo, kada kuma ka shiga wurin yara da rigar filin harbi. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu.

Ita fistil ta iska, wadda ke Olamfik tun 1988, mita 10 ake tsayawa, harbi 60 cikin minti 75, da ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5 da nauyin kusan rabin giram. Da'irar goma milimita 11.5 ce, ba ta kai tsawon ƙaramin sim ɗin waya ba, amma Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 594 cikin 600 a 2009. Manyan ƙira su ne Steyr da Walther da Feinwerkbau da Morini da Pardini, masu tulun iska da ake cikawa har matsin iskar ya kai bar 200. Tulun na da wa'adin shekara 10 a rubuce a jikinsa, ba a barinsa cikin mota a rana, kuma kada wani ya ruɗe ka ka kai wa mai walda ya cika maka da iskar oksijin ɗinsa, bam ka haɗa. A wurinmu na fi son irin Baikal IZH-46M ta Rasha, wadda ake bugawa da hannu sau ɗaya kafin kowane harbi, ba ruwanka da neman inda za a cika tulu. Kunamarta da sukurai ake saita ta, littafinta ya nuna kowanne, a juya kwatan zagaye a gwada da ledar ruwa.

Ɗan ƙanwata har yanzu bai taɓa ko ɗaya ba, takardunsa na hanya. Na ba shi tsohon dutsen gugar gawayi na mahaifiyarsa, na manna ɗan baƙin tef a bangon zaure daidai tsayin mita 1.4, na ce ya ɗaga da hannu ɗaya ya riƙe daƙiƙa ashirin, ya huta arba'in, sau ashirin bayan sallar asuba. Makon farko ya zo yana riƙe da kafaɗa yana cewa, "Kawu, ni fa harbi na ce ina so, ba guga ba." Na ce ya kawo littafin in gani. Ya rubuta kwana biyar, ya tsallake Laraba da Alhamis.